Dariyar da Ke Cikin Rediyon Inna

Batir kawai na fita saye. Guda huɗu, manya, irin na rediyon Inna. Na zare tsofaffin na ƙulle a bakin mayafi don kada mai shago ya haɗa ni da wanda ba shi ba, na ɗaura takunkumi a fuska, na fito ana dab da magariba.

Inna uwar mijina ce, kuma ba ta gani. Da ta ji ina laluben takalmi sai ta ce, "'Yar nan, ki bar rediyon nan ya huta yau mana."

"Yanzu zan dawo, Inna."

Lokacin annobar nan ne, da aka kulle kowa a gida. Gidanmu na haya ne, ɗaki tara, tsakar gida ɗaya. Gidan rediyo ya rasa 'yan wasa, sai suka koma sako tsofaffin wasannin barkwanci da aka naɗa tun muna goye, da dariyar 'yan kallo a ciki. Kullum da yamma nakan ɗora rediyon a taga in ƙure murya, kowa ya zauna bakin ƙofarsa, nesa da nesa. Mai wanki ya yi ta ƙyaƙyatawa har ya sarƙe, matar malamin makaranta ta ce, "Kai, yi tarinka can, kada ka aiko mana!" Da dariyar nan muke gane wanda ya wuni lafiya. Ƙofar da ta yi shiru kuwa, gobe motar asibiti za ta tsaya dominta.

Haka ta tsaya ta ɗauki maigidana. Kwana shida aka bugo mini waya. Ban ga gawarsa ba, su suka binne shi, har yau ban san inda kabarinsa yake ba.

Inna tana da hawan jini, sai duk gidan muka haɗa baki kada a gaya mata. "Yana samun sauƙi, Inna, ya ce a gaishe ki." Kwana goma sha tara ina wannan ƙaryar. Kukana a banɗaki nake yi, in buɗe famfo don kada ta ji.

A kwana na goma na fara jin sa a rediyon, cikin dariyar 'yan kallo. Ko a kasuwa dariyar mutumin nan ba za ta ɓace mini ba. Yakan fara kamar zai shiɗe, ya ce "Wayyo cikina!" sannan ya daki gwiwar duk wanda ke kusa da shi, galibi tawa. Na tambayi mai wanki ko ya ji wani abu, ya ce a'a. Inna kuma da an zo wurin sai ta yi tsit.

Na san abin ba na lafiya ba ne. Amma wallahi ban damu ba. Shi ne kaɗai abin da ya rage mini nasa, shi ya sa da batir ya mutu ranar na kasa zama.

Titi ba kowa. Warin maganin feshi ya cika iska. Shagon farko a rufe, na biyu ma da ƙaton kwaɗo. Na buga, ƙarfen ya amsa mini, wani kare ya yi haushi can nesa ya yi shiru. Na juyo hannu wofi, hawaye na jiƙa mini takunkumi.

Ina shigowa lungunmu na ji kiɗan buɗe wasan.

Na tsaya. Duk gidan ba mai rediyo sai mu.

Na shafa bakin mayafina. Batir huɗu suna nan a ƙulle.

Tsakar gida ba kowa, duk ƙofofi a rufe. Ɗakinmu ba haske. Na ɗaga labule, sanyi ya buge ni kamar na buɗe firji. Rediyon yana kan tebur yadda na bar shi, bayansa a buɗe, ramin batir wayam. Yana magana.

'Yan kallo suka fashe da dariya. Na ji ta mai gyaran takalmi, wanda aka ɗauke shi makon farko. Na ji ta tsohuwar ɗakin ƙarshe da ita ma aka ɗauke, siririya, mai shaƙewa.

"Wayyo cikina!"

Sai 'yan wasan suka yi shiru. Dariyar ma ta ɗauke. Saura numfashi kawai, a hankali, kamar mutum ya kafa baki a jikin rediyon.

"Sarkin Mita," aka ce ƙasa-ƙasa. "Kin daɗe."

Duk duniya shi kaɗai ke kirana haka.

Ƙamshin turarensa ya taso, gauraye da warin asibiti. Na zauna bakin gado.

"Ga wuri na ajiye miki. Kusa da ni. Taso mana."

Hannu ya daki gwiwata.

Sanyi ƙalau.

Ƙirjina ya ɗaure. Tari ya turnuƙe ni, busasshe, irin wanda ya yi ranar da aka tafi da shi. Duk da haka na miƙe. Ba zan yi muku ƙarya ba, tafiya zan yi, da gudu ma.

Taku ɗaya. Taku biyu.

Wani hannu ya cafke wuyan hannuna, mai ɗumi, mai ƙashi. Inna ce. Ban san tsohuwar nan tana da wannan ƙarfin ba.

"Ba shi ba ne," ta raɗa.

"Inna, muryarsa ce..."

"Ni na haife shi. Ɗana ba zai kira ki inda babu numfashi ba. Faɗi abin da kika ƙi faɗa mini. Muddin bakinki yana cewa yana da rai, abin nan yana da ƙofar shigowa."

"Sarkin Mita," aka sake cewa, wannan karon a bayan kunnena.

Na buɗe baki, ba iska.

"Faɗa!" in ji Inna.

"Ya rasu," na ce. "Inna, ya rasu. Ya rasu, ban ko gan shi ba!"

Rediyon ya yi wata ƙara kamar ana yaga ƙyalle, ya mutu. Ƙullin mayafina ya kwance, batir suka zube suna gangarawa a siminti.

Muka daɗe a duhu. Sannan Inna ta laluba fuskata, ta zare mini takunkumin.

"Na sani tun ranar da kika fara buɗe famfo ba kya tara bokiti," ta ce. "Na yi shiru ne don na ji ƙaryar ce ke riƙe da ke a tsaye. Ni ma kwana goma sha tara ina haɗiye kukan ɗana, 'yar nan. Bari mu yi shi yanzu."

Muka yi shi, da ƙarfi, ba famfo. Ɗaya bayan ɗaya ƙofofin gidan suka buɗe, kowa ya tsaya daga inda yake ya yi mana gaisuwa. Mai wanki ya kasa ƙarasa tasa.

Sati guda na yi ina zazzaɓi, shatin yatsu huɗu kuma ya yi wata a gwiwata kafin ya ɓace. Rediyon yana cikin akwati ƙarƙashin gadon Inna, ta sa masa kwaɗo ta rataya mabuɗin a wuyanta. Annoba ta wuce, an buɗe gari, yamma a gidanmu ta koma hayaniyar yara da ta babura.

Inna ta ce ba shi ba ne, na kuma yarda da ita. Amma tun daga ranar ba wanda ya ƙara kirana Sarkin Mita, kuma batir ɗin nan huɗu har yau na kasa zubar da su.