Rabin Aski a Zauren Alhassan

Bahago wanzami ne, in har ana kiran mai yanka kunnen mutane wanzami. Maƙwabcina ne a Agadas, na san shi ciki da waje. Bahago suna ne kawai, da hannun dama yake aski. Aska ɗaya gare shi, ita ma ta cinye ta koma kamar tsinke, kuma ya gwammace ya ji wa mutum goma ciwo da ya je wurin maƙeri a ƙera masa sabuwa.

A shekarar da sojan Nasara suka sake shigowa gari da bindiga, aka kashe na kashewa, masu ƙafa suka gudu, gidaje suka zama kango. Mu da muka rage muna ta binne mutane, Bahago kuwa yana can yana washe haƙora a ƙofar sansanin Nasara. Wani sarjan ya ce masa ya dawo da safe da asake masu kaifi. In askinsa ya yi kyau, ya zama wanzamin soja, a riƙa auna masa hatsi. In kuma da wannan tsinken ya dawo, bulala ce za ta raka shi gida.

Sai ya tuna da Alhassan.

Alhassan shi ne babban wanzamin unguwarmu. Ranar da soja suka shigo, a zaurensa suka same shi yana yi wa wani baƙo aski, nan suka harbe su duka biyun. Mu muka ɗauke gawarwakin, amma ba wanda ya taɓa zabirarsa, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba kayan aiki. Kayan mamaci na magadansa ne. Bahago ya san haka sarai, kunya ce dai Allah bai ba shi ba.

Da la'asar sakaliya ya jiƙa tsamiya a ƙoƙo, ya ɗebi toka da ɗan man shanu a tsumma, ya bi lungu zuwa gidan. Zabira na rataye inda take. Askar da Alhassan ke aiki da ita tana ƙasa inda ta faɗi, jini ya bushe a kanta ya zama tsatsa. Ɓarawo mai hankali da ya kwasa ya bar wurin. Amma a bakin zauren akwai dutsen washi na Alhassan, babba, kafe a ƙasa, ba ya ɗaukuwa. Bahago ya ga dutse kyauta, sai ya miƙe ƙafa ya zauna.

Ya tsoma asake cikin ruwan tsamiya, ya murje su da toka har tsatsa ta fita ja. Ya tofa yawu bisa dutse ya shiga wasawa, gaba da baya, gaba da baya. Ya shafe ruwan askar da man shanu, ya gwada a gashin hannunsa, gashi ya zube. Rana ta faɗi bai lura ba. Ba a kira sallar magariba ba, don ladanin unguwar yana cikin waɗanda muka binne.

Wanzamanmu suna da wata al'ada. In aska ta yi kaifi, sai su buga ta a tafin hannu, fat, fat, fat, duk mai wucewa ya san wanzami ya shirya, a zo a zauna. Alhassan bai taɓa yin haka bayan faɗuwar rana ba, yakan ce ba mutane kaɗai ke da kunne ba. Bahago, don daɗin abin banza, ya buga.

Fat, fat, fat.

Tsuntsayen da ke hayaniya a kan katanga suka yi tsit.

Warin albarushi ya cika zauren, tare da warin ƙasar da aka tono. Bahago ya ji jan ƙafa a lungu, a hankali. Wani ya yi sallama, murya can ƙasa.

Bakin Bahago ya amsa ba da saninsa ba.

Mutumin ya shigo, ya zauna bisa tabarma ya juya masa baya. Ya kwance rawani. Rabin kansa a aske yake tas, ɗaya rabin gashi ne cunkus, ƙasa ta cika shi.

"Wanzam," in ji shi, "ƙarasa mini."

"Baba, duhu ya yi," Bahago ya ce. "A bari sai da safe."

"Kai ka kira."

Ba a tayar da wanda ya zauna gaban wanzami da rabin kai. Ko Bahago ya san wannan. Ya jiƙa gashin da sauran ruwan tsamiya. Kan sanyi ƙarara, kamar gindin tulu. Ya ɗora aska ya ja.

Gashi ya zube a ƙasa.

Ya ja na biyu. Da ya dubi inda ya fara, gashi ya tsiro ya rufe wurin.

Ya ƙara sauri. Hannunsa ya kuɓuce, aska ta tsaga fatar bayan kunne, yadda ya saba yi wa masu rai. Jini bai fito ba. Rairayi ne ya zubo, siriri, yana sauka bisa tabarma, sss.

 Sai mutumin ya ce, "Wannan ba hannun Alhassan ba ne."

Bahago ya ɗaga askar daga kan mutumin.

"Wa ya ba ka askarsa?"

Kan ya fara juyowa. Kafaɗu ba su motsa ba.

Bahago ya saki aska ya zabura. Wani abu ya cafke wuyan hannunsa na dama, sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya fizga, ya bar hannun rigarsa a can, ya yi karo da bakin ƙofa, ya tashi, ya sake faɗuwa. Da rarrafe ya iso ƙofata, wandonsa a jiƙe, yana ba ni labari yana haɗiyar kuka. Na ba shi ruwa don Allah, ba don shi ba.

Kuna tsammanin ya tuba? Ashe wajen gudu bai manta da zabira ba, tana rataye a wuyansa. Da gari ya waye ya wanke fuska ya tafi sansani da asaken mamaci.

Sarjan ya zauna, soja suka kewaye suna kallo. Bahago ya fara aski, aska na tafiya sumul, har ya soma murmushi. Da ya kai tsakiyar kai, hannun daman ya sandare. Ya matsa, ya murza, ya tofa addu'a, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Sarjan ya tashi da rabin kai, soja na tuntsira dariya. Bulalar da aka yi wa Bahago ran nan, daga unguwarmu muka riƙa jin ihunsa.

Hannun ya warware da yamma. Yana cin tuwo da shi, yana jan guga da shi. Amma har ya mutu, duk kan da ya ɗora wa aska, a tsakiya hannun yake tsayawa. Da farko mutane sukan zauna don su gani da idonsu, daga baya aka daina. Ya ƙare yana tallan itace, da gashi buzu-buzu har kafaɗa, don ba wanzamin da ya yarda ya taɓa kansa.