Kwalbar da Ba Ta Son Zafi

Sufeto ya iso ɗakin gwaje-gwajen da ankwa biyu, domin an ce masa babbar sata aka yi. Da Farfesa ya kwatanta masa kwalbar da ta ɓace, ba ta kai ɗan yatsa ba, sai ya mayar da ankwa ɗaya aljihu.

"Mene ne a ciki, ranka ya daɗe?"

"Furotin ne da ake haɗawa don bincike. Irinsa ke karɓar umarnin mutuwa a ƙwayoyin jikin mutum."

Sufeto ya ɗan ja baya.

"Ba ya kisa, Yallaɓai," in ji ɗalibar Farfesa, idonta jawur. "Shi ne ma rago. Da ya rabu da sanyi ya lalace."

Kwalbar ta aikin digirinta ce, kuma Farfesa ya rantse in ba ta fito ba, ɗalibar ce za ta fita.

Sufeto ya leƙa firiza. Ba a ɓalle kwaɗo ba, amma an kwashi ƙanƙara. Ya ce a ransa, wannan ɓarawon ya yi boko.

A bakin ƙofa maigadi ya rantse idonsa biyu, bai ga komai ba. Sufeto ya nuna masa tukunyar fure, ƙudaje sun yanyame ta.

"Wa ya shayar da fure shayi?"

"Ni in samu shayi in ba fure? To, na ɗan runtsa. Amma shayi mai madara haka, sai Dakta."

Dakta, mataimakin Farfesa, yana zaune rungume da fulas ɗinsa, sai hamma yake yi. Ya ce rabonsa da firizar nan har ya manta.

Sufeto ya ce, "Dakta, maƙogwarona ya bushe. A taimaka da rabin kofi."

"Ya ƙare."

"To, ko turirin in shaƙa."

Sufeto ya karɓi fulas ɗin a hankali ya girgiza. Ƙwal-ƙwal. Ya buɗe, ga kwalba kwance cikin ƙanƙara kamar amarya.

Dakta ya sunkuyar da kai. "Tawa kwalbar na manta a aljihun riga, uwargida ta wanke, ta kuma goge. Na ce in ari ta yarinyar kafin Farfesa ya tambaya."

"Har ana korar ta kana zaune?" in ji Sufeto.



Sufeto ya ce kwalbar shaida ce, dole ta bi su ofis.

"Akwai firiza a can?" in ji ɗalibar.

"Fankarmu ma sai an tura ta da sanda."

Ta zare kwalbar ta ruga firiza, bai hana ta ba. Ya rataya fulas a kafaɗa, ya sa wa Dakta ankwa.

Suna fita Dakta ya yi ƙasa da murya. "Ana ba da shayi a wurinku?"

"Ana bayarwa, da sanyinsa. Ai tun da ka cika fulas da ƙanƙara ka fara sabawa."