Allurar da Aka Bari Tana Lilo

Tela bai so zuwa ba. Gwiwa ce ke damunsa, kuma a ganinsa duk wanda ya bar aikinsa ya tafi kallon aikin matattu ya rasa abin yi ne. Amma 'yarsa ce ta kawo shi yawon buɗe ido, ita ta dage cewa ba a zuwa garin nan a koma ba a shiga babban gidan adana kayan addinin ba. Wa ya isa ya musa wa 'yar auta? Suka shiga da yamma, saura awa ɗaya a rufe.

Ɗaki bayan ɗaki suka bi. Ga tsofaffin littattafai masu ruwan zinariya, ga fitilun tagulla, ga ƙofofin katako da aka sassaƙa. Mutane na ta salati suna ɗaukar hoto, shi kuwa ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Shekara arba'in hannunsa bai taɓa wuni babu allura ba, yau ga shi kwana huɗu. Yatsun sai murza bakin aljihu suke yi.

"Baba, ka saki rigar nan mana, za ka huda ta."

"In na huda ai ni zan ɗinke, Uwata. Mu yi mu fita."

Ɗakin ƙarshe dogo ne, ba taga. Sanyinsa ya fi na sauran, ga warin tsohon yadi da na turaren da ya daɗe da mutuwa. Labule ɗaya ne ya rufe bangon gaba ɗaya, baƙi wuluk, an yi masa ado da zaren zinariya. An ce don wani wurin ibada aka ɗinka shi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A nan ne Tela ya tsaya cak. Ya san aiki in ya gan shi, kuma bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Har kishi ya ji.

Igiya ja ce kawai tsakaninsu da labulen. 'Yar ta tambayi mai gadin ɗakin, wata dattijuwa mai ɗingishi, me ya sa ba a sa masa gilashi ba.

"An sa sau uku," in ji matar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Fashewa yake yi. Ku dai kada ku ƙetare igiyar."

Ƙararrawar tashi ta kaɗa. Dattijuwar ta bi sauran baƙi tana nuna musu ƙofa. 'Yar ta tafi can gefe tana karanta allon bayani.

A lokacin ne Tela ya lura da kusurwar ƙasa. Ba a gama aikin ba. Wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, yadi ne zalla. Daga ɗinkin ƙarshe zare ya sauko, a bakinsa allura tana rataye, tana lilo.

Babu iska a ɗakin.

Wannan bai dame shi ba, alhali ya kamata ya dame shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sakacin. A shagonsa ba a barin allura tana lilo. In ka tashi, ka soke ta a jikin yadi, ko da gobara ce ta tashe ka. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Ya cusa hannu a aljihu, ya fito da shi. Soke ta kawai zai yi, wa zai gani?

Ya miƙa hannu ta saman igiyar.

Allurar da ɗumi, kamar yanzu wani ya ajiye ta.

Ya soke ta a yadin. Ya buɗe yatsu zai saki, suka ƙi buɗuwa. Allurar ta ɓulla ta gaba, hannunsa ya ja zaren.

Siiif.

Wasu yatsu masu sanyi suka kwanta a kan nasa, irin riƙon da ake yi wa mai koyo. Bai ga kowa ba. Numfashi dai yake ji a bayan kunnensa, mai warin ƙura.

"Ci gaba," in ji wata murya.

Siiif.

Ya nemi addu'a, harshen ya yi nauyi. Hannun na gudu, yana fitar da wani irin zane da shi bai taɓa koya ba. Zaren ya bi ta hannun rigarsa ya haɗe shi da labulen. Ɗinki na gaba ya shiga fatar wuyan hannunsa.

"Uwata," ya ce da raɗa. "Hannuna."

Ta waiwayo, ta ƙwalla ihu. Ta rungumo ƙugunsa tana ja. Labulen ya kumbura, ya biyo su.

Siiif.

Sai ga dattijuwar da gudu, ɗingishin ya tafi. Ta zaro ƙaramin almakashi da ke rataye a wuyanta, ta datse zaren.

Wani dogon nishi ya cika ɗakin. Fitilu suka dushe. Su ukun suka fita suna tuntuɓe, ba wanda ya waiwaya.

A bakin ƙofar waje matar ta kama hannunsa, ta zare guntun zaren daga fatar, ta danne jinin da gyalenta.

"Ɗinki nawa ka yi, Malam?"

"Ban sani ba. Zai kai ashirin."

Ta runtse ido. "Wanda ya riga ka uku ya yi."

"Yaya yake yanzu?" in ji 'yar.

Matar ta juya, ta ja ƙofa ta rufe.

Tun da suka dawo gida Tela bai sake ɗinka ko maɓalli ba. Duk yadin da ya ɗauka, sai hannun ya fara zanen nan. Ya rufe shago, ya kyautar da keken ɗinkin, ya sa aka fitar da duk wata allura daga gidan. Ranar da aka ɗauki keken ya yi kuka, bai ɓoye wa kowa ba.

Duk da haka hannun bai huta ba. Yana zaune, yana cin abinci, yana barcin rana, babban yatsa da manuniya suna haɗe, suna sokawa suna ja a iska. Wata rana 'yar ta zauna kusa da shi, ta riƙe hannun da nata biyu. Ta ji yana fizgewa a hankali, kamar tsuntsu.

"Baba, zai daina. Wata rana zai gaji."

Ya girgiza kai. "Ba gajiya zai yi ba, Uwata, gamawa zai yi. Na ga faɗin wurin da ya rage, kuma ina ƙirgawa." Ya dubi yatsun. "Saura layi uku."