Hatimin da Ya Je Dutse

Da hantsin wata Talata, a daminar da sojoji suka koma bariki, Injiniya Oluwole ya shigo caji ofis na Tarauni da naɗaɗɗiyar takarda a hammata, hularsa a karkace. Ya tarar da Sufeto Mu'azu yana karyawa da ƙosai. Sun daɗe da sanin juna, domin ofishin Injiniya a nan Gyadi-Gyadi yake, kuma yana jin Hausa kamar jakin Kano.

"Sufeto, wai an ce na gina zauren taro a Dutse," in ji shi. "Ni kuwa rabona da garin tun yana cikin jihar Kano."

Mu'azu ya ture ƙosan gefe, aka shimfiɗa takardar a tebur. Zanen gini ne. Wani sabon ɗan majalisar Jigawa, Onarabul Haruna, shi ya sayi fili bayan an rantsar da shi, ya sa aka ɗora masa zaure da wannan zanen. Ranar da aka cire katakon da ya tokare rufin kankare, rufin ya lotsa kamar tabarmar da aka shanya a igiya. Allah ya kiyaye, leburori sun fita cin abinci. Jiya Onarabul ya zo da kansa ya jefa wa Injiniya zanen, ya ce in bai ji gamsasshen bayani ba, zai kai shi gaban hukumar rajistar injiniyoyi a soke lasisinsa.

Mu'azu ya shafa kusurwar takardar. Hatimin injiniya ƙarfe ne mai baki biyu, ana matsa shi ya bar suna da lamba a tashe jikin takarda.

"Naka ne?"

"Nawa ne. Sa hannun ma ba ni da ta cewa. Amma mahaukaci ne kaɗai zai bar wannan tazara tsakanin ginshiƙai da wannan siririn rodi."

"Wa ya kai wa Onarabul zanen?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Wai wani ne daga ofishina, mai suna Habibu. Kuma layukan nan hannun Habibu ne, mai yi mini zane."

Suka ɗunguma Gyadi-Gyadi. Habibu saurayi ne siriri kamar sillan kara, ya zo ya tsaya gaban Sufeto.

"Hannunka ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma wallahi ban san lokacin da na zana shi ba."

"Cikin barci kake zane?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka san Onarabul Haruna?"

"Jiya na fara jin muryarsa, ina bayan gida na ƙi fitowa."

Mu'azu ya ja wayar ofishin ya nemi Dutse. Sai da aka sha fama kafin layin ya shiga. Ya tambayi Onarabul kamannin mutumin da ya kawo zanen. Aka ce masa dattijo ne mai tumbi, gemunsa ya fara furfura. Mu'azu ya dubi Habibu daga sama har ƙasa, ya ajiye wayar. Ba shi ya je ba, amma wannan bai wanke shi ba, domin mai zane yana iya samun ɗan aike.

Ya juya ga sakatariya, Ummukulsum, wadda ke zaune bayan tafireta ba ta ko girgiza ba.

"Wa ke riƙe da makullin durowar hatimi?"

"Oga kaɗai."

"Kin taɓa ɗaukar hatimin?"

"Sau ɗaya, kuma ban ji da daɗi ba."

Ta ba da labari. Ranar da aka miƙa mulki ga farar hula, babu wuta a unguwar, ofishin nan kaɗai ke da janareta, maƙwabta suka cika shi suna kallon talabijin. Hoton ya fara rawa, ta ɗauke hatimin daga tebur don ta hau ta gyara eriya. Ya suɓuce ya bugi ƙafar teburin zane.

"Har yau Oga bai huce ba," ta ce, "don tun daga ranar sunansa ya gutsure."

Mu'azu ya miƙe zaune. "Injiniya, buga mini shi a farar takarda."

Aka buɗe durowa, Injiniya ya matsa. Mu'azu ya ajiye sabon bugun kusa da na Dutse. A sabon, harafin ƙarshe ya shafe, sunan ya zama Oluwol. A na Dutse kuwa Oluwole ne cif, babu abin da ya taɓa shi.

"Kwanan watan da ke zanen nan na bayan rantsarwa ne," in ji Mu'azu, "amma hatimin da ke jikinsa na zamanin soja ne. Da mutanen ofishinka ne suka saci makulli, da gutsurarren suna za mu gani. Ba wanda ya taɓa durowarka. An buga wa takardar nan hatimi tun kafin a rantsar da Onarabul."

Ya ɗauki zanen ya manna shi a gilashin taga, rana na dukansa ta baya. Nan take wuraren da aka kankare da reza suka fito fili, takardar ta yi shara-shara a ƙarƙashin sunan gini, da kwanan wata, da lambobin awo. Injiniya ya sa tabarau ya matso. A ƙarƙashin sabuwar tawadar ana iya tsinto inuwar wata kalma: Daurawa.

"Ɗakin karatun wata makaranta ne da muka yi bara waccan," ya ce a hankali. "Ƙaramin ɗaki ne. An canza lambobin, an kusa ninka faɗinsa, an bar rodin yadda yake."

"Kwafi nawa ka buga wa hatimi?"

"Namu, da na hukumar tsara birni, da na ɗan kwangila."

Habibu ya ruga ya zaro nasu daga kabad. Mu'azu ya aiki wani kofur hukumar tsara birni, kofur ɗin ya dawo bayan azahar ya ce nasu yana nan. Saura na Alhaji Isyaku, ɗan kwangila, mai gidan bulo a bayan kasuwar Tarauni.

Mu'azu bai yi gaggawa ba. Ya sake kiran Dutse, ya roƙi Onarabul ya shigo Kano washegari.

Da safe suka sami Alhaji Isyaku a ƙarƙashin rumfa yana kallon masu buga bulo, tumbinsa ya cika kujera. Ya tarbe su da fara'a, ya jajanta wa Injiniya abin da ya ji ya same shi, har ya ce duniya ta lalace.

"Alhaji, kwafinka na aikin Daurawa muke son gani," in ji Mu'azu.

"Ayya, Sufeto, ai gara ta cinye shi tun bara."

"Duka?"

"Ko kusurwa ba ta bari ba."

Mu'azu ya ɗaga hannu ga wata mota da ke tsaye a bakin ƙofa. Onarabul Haruna ya fito yana gyara babbar riga, ya ƙura wa mai gidan ido.

"Malam Habibu, ashe nan kake."

Masu buga bulo suka dubi juna, ɗaya ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Alhaji Isyaku ya cire hula ya share zufa.

"Ginin Daurawa fa yana nan tsaye lafiya lau," ya ce. "Na ga ɗan faɗaɗawa ne kawai. Kuma na ce wata jiha ce, wa zai zo Kano ya tambaya?"

"Kankare bai san iyakar jiha ba, Alhaji," in ji Injiniya.

Mu'azu ya warware wa Onarabul zancen a taƙaice: hatimin na gaske ne, sa hannun na gaske, layukan ma na Habibu ne na gaske, shi ya sa hukumar tsara birni ta Dutse ta amince da zanen. Lambobin ne kaɗai na jabu. Tsohuwar takarda ce aka yi wa sabon suna, kuma a cikin masu riƙe da ita mutum ɗaya ne ya kasa nuna tasa. Ya sa kofur ya shigar da Alhaji motar 'yan sanda, kafin 'yan sandan Jigawa su zo karɓarsa.

Onarabul ya daɗe yana susar ƙeya, sannan ya miƙa wa Injiniya hannu biyu ya nemi afuwa. Ya ce a rushe wancan, yana son sabon zane.

"Sai dai ban sani ba ko hatiminka na Kano zai yi aiki a wurinmu."

"Yana aiki a ko'ina cikin ƙasar nan, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Amma ba zan matsa shi ba sai na je na ga filin da idona, an haƙa ƙasar na duba."

"To yaushe za ka zo?"

Injiniya ya dubi motar Onarabul, ya dubi agogonsa. "Akwai wuri a baya?"

Mu'azu da kansa ya buɗe masa ƙofa.