An Sace Ƙafar Pak Jusoh a Masallaci

Sufeto Hamidon ya sha karɓar rahoton satar babur, da ta shanu, har da ta kwakwa a kan bishiya, amma sai ranar ya fara jin an saci ƙafar mutum.

Ya isa masallacin ƙauyen Gong Pauh bayan la'asar, ana yayyafi. A baranda ya tarar da mai ƙafar, wani dattijo da ake kira Pak Jusoh, zaune ya rufe dungulminsa da zani. Gungumen katako ne ya murƙushe masa ƙafar hagu da kafaɗar dama a kamfanin da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Da ƙafar roba yake tafiya, don kafaɗar ba ta riƙe sandar guragu.

"A ina ka ajiye ta, Baba?"

"Nan, jikin ginshiƙi. Kullum bayan azahar nakan cire ta in ɗan kishingiɗa, cina take yi. Na farka babu ita."

"Da takalmi a jikinta?"

"Baƙi, sau-ciki. Ga ɗan'uwansa can a ƙofa."

Sufeto ya duba. Wayar tsohon na kan tabarma, akwatin sadaka na rataye da kwaɗonsa. Wannan ɓarawon ba kuɗi ya zo nema ba.

Wata mata mai laima ta hawo barandar tana haki. Lauya Thilaga ce, daga ofishin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

"Yallaɓai, gobe da safe zai bayyana gaban kwamitin likitoci a birnin Kota Bharu. Ƙara muka ɗaukaka. An hana shi alawus ɗin naƙasa."

"Mutum babu ƙafa a hana shi?"

"Tambaye shi! Ya sa kayan sallah, ya shiga yana takawa kamar soja. Suka ce ya jiki, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Suka rubuta zai iya aiki."

"To me zan ce, 'yar nan?" in ji Pak Jusoh. "Mutum ya gaishe ka sai ka hau yi masa kuka?"

"Gobe kukan za ka yi, Baba. Za ka cire ta a gabansu, su ga yadda ta ci maka nama." Ta juyo ga Sufeto. "An riga an ɗage mana sau ɗaya saboda ambaliya. In bai je gobe ba, an rufe maganar."

"Wa ya san gobe ne?"

"'Yata da ke aure a birnin Kuantan," in ji tsohon, "sai ladan, sai Tok Embong, abokin darata."

"In an ba ka alawus ɗin fa?"

"Sai in koma wajen 'yata. Ta daɗe tana kirana. Ni ne na ƙi zuwa hannu biyu in zame wa surukina kaya."

Ladan Deraman na gefe yana sharar inda babu datti.

"Ko nan da ƙofa ban je ba, Yallaɓai," ya ce tun ba a tambaye shi ba. "Ina ciki ina lazimi. Babu wanda ya shigo."

"Lazimin ne ya jiƙa maka wando har gwiwa?" Sufeto ya miƙa hannu ya cire ɗan gashin tsuntsu daga kafaɗarsa. "Ta nawa kurciyarka ta zo?"

Ladan ya sunkuyar da kai. Kowa a yankin ya san ranar ake gasar kukan kurciya a filin makaranta, kuma in dai kurciya ce, Deraman zai iya barin gidansa na cin wuta.

"Ta huɗu. Don Allah kada liman ya ji."

"Wa ka gani a hanya?"

"Tok Embong kaɗai. Ya wuce ni a keke, da naɗaɗɗiyar tabarma a baya. Na gaishe shi bai amsa ba."

Gidan Tok Embong shi ne na ƙarshe kafin gonakin shinkafa, gidan katako a kan dirkoki. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watsu birane, ba a cika ganin kowa a hanyar ba. Ciyawa ta cinye ta, sai siririn layin da tayar keke ke bi.

Tsohon na baranda. Gabansa allon dara ne da marafan kwalba a jere, da kofuna biyu, ɗaya a kife.

"Tok, ka je masallaci da azahar?"

"Ina fa. Gwiwa ta hana ni. A gida na yi."

"Ladan ya gan ka a keke."

"Deraman? Wanda idonsa kullum ke saman bishiya? Bai ga kowa ba."

"Tabarmar da ka ɗauko fa?"

"Ni da ban fita ba, wace tabarma?"

Sufeto bai yi musu ba. Ya sunkuya a gindin matakala zai kwance takalminsa, don ko da takardar kame ka zo, ba ka hawa gidan mutane da takalmi. Nan idonsa ya faɗa kan abin da ke jere a matakin farko: silifas ɗin tsohon, da takalman robarsa na gona, sai baƙin sau-ciki guda ɗaya, na hagu, an ajiye shi tsaf, bakinsa na kallon waje.

Ya ɗaga shi sama.

"Tok, wannan baƙon naka da ƙafa ɗaya ya zo?"

Tsohon ya daɗe yana kallon takalmin. Ya yi ƙarya ga ɗan sanda, ya yi sata a ɗakin Allah, amma da ya iso ƙofarsa hannunsa ya ƙi shigar da takalmi cikin gida. Bai ma san ya cire shi ba.

"Tana ciki," ya ce a hankali.

A kan gadon marigayiyar ya kwantar da ita. Ya shafa wa maɗaurinta man kwakwa, ya shimfiɗa tsumma mai laushi a ramin da dungulmi ke shiga.

"Jibi na yi niyyar mayar masa. Wallahi jibi."

"Bayan an rufe ƙararsa."

"Eh."

"Me ya yi maka?"

"Babu." Ya waiwaya wajen allon darar. "Kullum da yamma sai ya hawo matakalar nan, ina jin ƙarar ƙafar tun daga nesa. Mu yi dara, ya cuce ni, in zage shi. In ya tafi Kuantan, Yallaɓai, sai in yi mako ban buɗe baki ba. Na taɓa yi, na san yadda yake."

Sufeto Hamidon ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, don ya tuna gyambon da Pak Jusoh ke ɓoyewa a ƙarƙashin zani. Ya kira Lauya Thilaga ya ce ta zo ta karɓa, ya gargaɗe ta ta cire tsumman kafin gobe, likitoci su ga ƙafar yadda take.

Bai sa wa tsohon ankwa ba. Ya jira ya rufe tagoginsa, ya kife ɗaya kofin, ya sauko ya zura silifas.

A bakin mota Sufeto ya tsaya.

"Tok, sai wani ya zo ya tsaya maka kafin a ba da belinka. Wa zan kira?"

Tok Embong ya waiwaya ya dubi barandar.

"Mutum ɗaya gare ni, Yallaɓai," ya ce. "Shi na sace wa ƙafa."