Wanda Ya Dafa Ƙwan Zabbin Goggo Baiwa

Insifeta Tamba bai ko zauna ba a ofis ranar Laraba, Difi'o ya miƙo masa fayil. Ƙwan zabbi ɗari shida ne suka lalace a Nassarawa, cikin akwatin ƙyanƙyasa na wata dattijuwa, Goggo Baiwa. Ƙwan na matan unguwa ne, kowace ta kawo nata. Tun jiya aka kama Kalilu mai gyaran lantarki, wanda ya haɗa akwatin.

"Gobe da safe kotu," in ji Difi'o. "Matan nan sun kusa ƙone masa shago. Ka duba ka sa hannu."

Tamba dai mutum ne da ba ya sa hannu kan abin da idonsa bai gani ba. Ya kira Kofur Hodi, suka shiga mota.

Damina ce, an yi ruwa da asuba, gari ya ɗau zafi mai danƙo. Suka tarar da Goggo Baiwa tana kai da kawowa a tsakar gida, mayafi a hannu. Ɗanta Zayyanu, wanda ya gama Foli bara, yana jingine da bango.

"Ranka shi daɗe, kwana huɗu nay yi Augie wajen suna," in ji ta. "Kahin in tahi Kalilu ya zaka ya taɓa wanga abu, wai dubawa. Na dawo na iske ɓarna. Ya sauya mani na ƙwarai da na banza, shi na!"

"Wa kika bar wa akwatin?"

"Zayyanu. Juya ƙwai kawai, sau ukku a yini. Shi ba ya taɓa waya."

Insifeta ya duƙa gaban akwatin. Na katako ne, da fitilu huɗu a ciki masu ba da ɗumi. A gefe an ɗaure wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka ba, tana nuna ma'aunin ɗumi da lambobi ja. Ita ke kunna fitilun in ɗumi ya ragu, ta kashe su in ya yi yawa. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya fasa a bakin tasa. Ciki ya daskare, har gefensa ya yi fari.

"Wannan dafuwa ya yi," ya ce.

Ya danna madannin na'urar. Ta nuna sha tara.

"Nawa take nunawa kullum?"

"Talatin da bakwai da rabi," in ji Goggo. "Ko ban iya boko ba na san wagga lamba."

Tamba ya dubi Zayyanu. Zayyanu ya ce shi bai lura da lamba ba, ƙwai yake juyawa. Tamba ya sa Hodi ya kwance na'urar har da wayarta mai ɗan ƙarfe a baki, suka tafi da ita.

A caji ofis Kalilu yana zaune bayan kanta, ba takalmi, idonsa ya yi ja. Da ya ga na'urar sai ya miƙe.

"Tawa ce, ranka shi daɗe. Ba a sauya ta ba. Ga jan fentin da na ɗiga a kusoshinta."

"Ka sa ta a sha tara?"

"Ni? A Birnin Kabi?" Ya girgiza kai. "Ko cikin randa ba a samun sha tara yanzu. In an sa ta haka, fitilu ba su kamawa har abada. Ƙwai sanyi za su yi, ba dahuwa ba."

"To me ya dafa su?"

Kalilu ya dubi na'urar. "Sai in an cire ta, an haɗa fitilun da wuta kai tsaye."

"Wa zai so sha tara?"

"Mai son sanyi. Baki biyu gare ta, na zafi da na sanyi. In ka haɗa firiza a na sanyi, tana tsai da ita inda kake so, ba ta bari ta yi ƙanƙara."

"Akwai wanda ya taɓa tambayarka wannan?"

"Babu."

Ya faɗe shi da sauri ƙwarai, idonsa a ƙasa. Tamba ya daɗe yana kallonsa.

"Kalilu, gobe kotu fa."

"Goggo ita ta biya mani kuɗin koyon sana'a sa'ad da ubana ya rasu," in ji shi a hankali. "Babu wanda ya tambaye ni."

A cikin mota Insifeta ya yi ta juya na'urar a hannu. Hodi ya ce a tsaya a ci abinci, bai ko ji shi ba. Can sai ya ji ɗan ƙarfen bakin wayar yana kama masa yatsa. Danƙon salatif ne. Ya kai shi hanci, ya miƙa wa Hodi.

Hodi ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Oga, wannan ba warin ƙwai ba ne. Na yi aiki shekara biyu a barikin da ake dafa burukutu a bayansa. Tsamin giya ne."

"Ka tabbata?"

"Hancina ya tabbata, bakina dai bai sani ba."

"Juya mota," Insifeta ya ce wa direba.

Azahar ta yi sa'ad da suka koma Nassarawa. Mata uku suna zaure suna tambayar ko an kai ɓarawo kotu. Tamba ya wuce su, ya leƙa ɗakin girki. A kusurwa akwai bulo huɗu a jere, da shacin wani abu mai faɗi a siminti.

"Goggo, ina firizarki?"

"Ta lalace. Zayyanu ya kai ta Argungu gyara, sati guda ke nan."

"Duk masu gyaran Birnin Kabi?"

"Ya ce na can ya hi su iyawa."

Insifeta ya juya wajen Zayyanu. "Zo ka nuna mana mai gyaran."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Hanyar Argungu ta yi musu tsawo. Ruwan Rima ya shiga fadama, shinkafa ta yi kore har inda ido ya tsaya, amma ba mai kallonta. Zayyanu yana baya kusa da Hodi, yana ta kaɗa ƙafa. Sau biyu ya ce ya manta sunan mai gyaran. Sau ɗaya ya ce ƙila ya tashi. Tamba yana duban agogo kawai.

A bakin tashar Argungu Zayyanu ya nuna wani shago da ke kulle. Mai shayin da ke gefe ya ce ai shagon tela ne, ya tafi masallaci.

Insifeta ya taka zuwa inda masu amalanke ke hutawa, ya tambaya wa ya ɗauki farar firiza daga motar Birnin Kabi a satin da ya wuce. Wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Ni na. Gidan Riskuwa mai awara na kai ta, bayan kasuwa. Ga ma mai ita nan."

Tun daga ƙofar gidan suka ji warin. Riskuwa, wata doguwar mata da ludayi a hannu, tana ganin Zayyanu ta ɗaga murya.

"Awo, ka zo! Ka ce mani maganin basir kaka haɗawa. Tun jiya abu ke hwashewa ɗakin da na ba ka haya kamar bindiga. Awakina sun ci dusar da ka zubar, akuya guda har yanzu ba ta tahiya daidai!"

Hodi ya danne dariya. Tamba ya miƙa hannu, Zayyanu ya ba shi makulli.

Ɗakin ƙarami ne. Ga firizar a buɗe. A cikinta jarkoki uku, biyu sun tsage, kumfa mai launin ƙasa ta malale har ƙofa. Ta ukun ta kumbura kamar za ta yi magana. A jikinta an manna guntun soso da salatif, da ɗan rami a tsakiya. Insifeta ya zaro wayar na'urar ya sa ɗan ƙarfen a ramin. Ya shige daidai. A gefe ga buhun tsiron dawa, da wani littafin Turanci da ya sha ruwa.

Zayyanu ya zauna a ƙasa, cikin kumfar.

"Wani mai otal ne ya ce in na iya yin giya mai haske irin ta kwalba zai riƙa saye," ya ce. "Shekara guda ina yawo da takarda, ranka ya daɗe, ba aiki. Littafin ya ce sai ta kwana bakwai a sha tara, in ba haka ba ta yi tsami. Na tambayi Kalilu ko na'urar tana sanyaya abu, ya nuna mini. Na ce ya samo mini irinta, ya ce sai bayan sati biyu. Ni kuwa na riga na dafa."

"Sai ka cire ta mahaifiyarka."

"Aro na yi. Na ce kaza ma ba ta da na'ura, tana kwanciya kan ƙwai su ƙyanƙyashe. Na haɗa fitilun da wuta, na ɗan buɗe ƙofar akwatin. Da na zo nan ruwa ya tsare ni kwana biyu. Iska ta rufe ƙofar." Ya share fuska. "Da na ji Goggo za ta dawo na yi sauri na mayar. Na manta lambar."

"Ka ga an kama Kalilu."

"Na gani."

"Ka yi shiru."

Hodi ya sa wa Zayyanu ankwa, a hankali, ya ɗaga shi.

La'asar ta wuce sa'ad da suka iso caji ofis. A hanya Zayyanu ya roƙi kada a bi ta Nassarawa, Tamba ya yarda, suka zagaya. Ashe Goggo Baiwa tana bakin ofishin ita da mata kusan goma, sun zo su ji ƙarfe nawa za a shiga kotu.

Ta ga ɗanta ya fito daga mota, hannuwa a haɗe, wandonsa jiƙe da kumfa. Warin ya isa gare ta kafin magana. Insifeta ya matso, ya faɗa mata komai da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta katse shi ba. Hodi ya wuce da Zayyanu ciki, kansa a sunkuye.

Jim kaɗan Kalilu ya fito, takalmansa a hannu. Da ya gan ta ya durƙusa.

"Goggo, ina wuni."

"Ka san shi yay yi?" ta ce.

"Zato nay yi."

"Kuma ka kwana ciki."

Matan suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta juya ta daka musu tsawa, suka tsaya cak. Ta yafa mayafinta.

"Sa takalmanka," ta ce wa Kalilu. "Gida gida na bi Nassarawa ina ce maka ɓarawo. Yanzu za mu bi su tare, ni da kai, da waɗanga a bayanmu. Kai ba ka cewa komi. Ni ka magana."