Tukunyar da Ba Ta Tashi Ba

A tsakanin tukwanen giya Mani ya fara ganin Altine, wurin da ɗan malam bai kamata ya taka ba.

Zamanin Annasara ne. Mani tafinta ne a Dogon Dutsi. Kumandan na lokacin ɗan ƙasar inabi ne, ubansa mai yin giya, sai ya ce a kai shi gidan Ladidi a Kore Mairuwa ya ga yadda Arawa ke dafa tasu. Ladidi ta gaji tukwanen daga kakanninta, Altine kuwa ita kaɗai ce ɗiyarta.

Suka zaga gidan. Ga dawa an jiƙa, ga tsiro a shanye, ga wuta na ci. Altine ke nunawa, Mani na juyawa da Faransanci, yana tuntuɓe da harshe don kallonta.

"Bakin Annasara," ta ce ƙasa-ƙasa, "dubi tukunya, ba ni aka zo kallo ba."

Da aka zo ɗanɗano, kumandan ya ji tsoron sammu, ya ce tafinta ya fara sha. Wayyo! Mani ya dubi tukwanen. In ya ƙi, kurkuku. In ya sha, ina zai sa fuskarsa gaban ubansa Malam Isa?

Altine ta dube shi. Ta juya baya, ta ɗebo da ludayi, ta miƙa masa ƙwarya. Ya kurɓa, sai ya ji zaƙi kamar kunu. Daga tukunyar ranar ta ɗebo, wadda ba ta kwana ba balle ta tashi, ruwan tsiro ne zalla. Kumandan kuwa ta zuba masa ta gaske.

To, kun san ido ba ya ɗanɗano. Buba gardi, dogarin da ya raka kumandan, wanda ya daɗe yana neman Altine tana ƙi, ya riga kowa isa zauren Malam Isa.

"Ka sha?" in ji malam.

Mani ya sunkuyar da kai. In ya faɗi gaskiya, Buba zai kai wa kumandan cewa an yaudare shi, a farfasa tukwanen Ladidi, a ɗaure Altine.

"Tahi," malam ya ce. "Bakin da ya sha giya ba ya gaishe ni."

Mani ya koma kwana bayan bariki, ya rame. Tsohuwa Fati mai goro ce ke ɗaukar musu saƙo, shi da Altine, ranar kasuwa.

"Ki ce ma Mai Ludayi, kada ta buɗe baki. Zaƙin da ta ba ni ya ishe ni."

Amsa ta dawo: "Ki ce ma Bakin Annasara, ni na ɗebo, shi ke biya? Ban iya barci."

Ladidi ma ta tada ƙayar baya. "In kin bi ɗan malam, wa za ya riƙe tukwanen kakanninki? Buba dai bai hana ki hura wuta."

"Inna, Buba mashayi na, tukwanenki yaka so."

Wata safiya Altine ta ɗauki ƙwarya a rufe da faifai, ta bi 'yan kasuwa har Dogon Dutsi. Ta durƙusa a bakin zauren malam.

"Baba, abin da ɗanka ya sha ke nan. Sunsuna."

Malam ya ja baya. Can ya sunsuna, ya tsoma yatsa, ya lasa.

"Wanga ai kunu na."

Ta gaya masa komai, tana kuka.

"Ya san haka ya yi shiru?"

"Don kada a ɗaure ni, Baba."

Malam ya daɗe yana jan carbi. "Kenan ni ma ban da ikon wanke shi a gari. In na hurta, ke ta shafa."

Haka aka yi. Ya kira ɗansa ya rungume shi, amma bai faɗa wa kowa dalili ba. Da ya aika nema wa ɗansa auren ɗiyar mai giya, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga makarantarsa. Ya haɗiye.

Ladidi ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta yarda. Ranar kai amarya ba ta hura wuta ba. Ta ɗauko tsohon ludayin ta sa cikin kayan Altine.

"Ki dama masa kunu da shi. Tukwane kam, ni ce ƙarshensu."

Har Mani ya yi furfura, akwai masu kiransa tafinta mashayi. Shi dai sai ya dubi Altine ya ce, "Na sha kam, Mai Ludayi, kuma har yau ban wartsake ba."

Allah ya ba su zuri'a mai albarka, ya ji ƙan Ladidi da Malam Isa, ya rufa asirin masu rufa wa wasu.